Wa Ya Raɗa wa Ƙasusuwan Hamada Suna?

A watan Fabrairun 2026 mujallar kimiyya ta Science ta buga bayanin wata dabba da aka tono ƙasusuwanta a hamadar Nijar. Ƙaton dainoso ne mai cin kifi, ya rayu shekara kusan miliyan 95 da suka wuce, yana da dogon baki irin na kada da wani tukkun ƙashi a tsakar ka mai lanƙwasar takobi. Ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ne ya haƙo shi, su ne kuma suka raɗa masa suna Spinosaurus mirabilis. Kalmar farko na nufin ƙadangare mai ƙayoyi, saboda dogayen ƙasusuwan da suka miƙe a gadon bayansa. Ta biyun Latin ce, ma'anarta abin al'ajabi. Wanda ya ji sunan nan kaɗai ba zai taɓa sanin daga Nijar aka fito da dabbar ba.

Rabin farko na sunan ma ba Sereno ya ƙirƙiro shi ba, tarar da shi ya yi. Wani Bajamushe, Ernst Stromer, shi ya fara rubuta Spinosaurus a 1915, kan ƙasusuwan da aka samo masa a Bahariya ta ƙasar Masar. A 1944 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa birnin Munich ruwan bama-bamai, ƙasusuwan suka hallaka a gidan tarihin da aka ajiye su, sunan kuwa ko gezau. Shekara 111 bayan rubuta shi, dabbar da aka fito da ita daga wata ƙasa daban ta shiga ƙarƙashinsa, tunda masana sun ce 'yan gida ɗaya ne.

Tsarin da ya tilasta haka tsoho ne. Daga Carl Linnaeus na ƙasar Sweden aka gaje shi, kuma bugun littafinsa na 1758 shi ne mafarin lissafin sunayen dabbobi. Kowace halitta kalma biyu ake ba ta: ta farko sunan gida, wanda 'yan'uwa na kusa suke tarayya a kai, ta biyu sunan irin da ake magana a kai. Akwai hukuma ta duniya da ke tsaron dokokin, kuma uku daga cikinsu su ne ke da ruwa da tsaki a zancenmu. Dole sunan ya rataya a kan wani ƙashi ko gawa takamaimai, wadda aka ajiye inda wani masani zai iya zuwa ya duba. Wanda ya riga buga suna shi ke da shi, wato kowa ya riga ka barci ya riga ka tashi. Sannan, abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba dole ne kalmomin su fito daga Latin ko Girkanci ba. Kowane harshe na duniya yana iya shiga, muddin an rubuta shi da baƙaƙen boko. Abin ya yi kama da sunan yanka: 'yan jarida da yara suna iya liƙa wa dabba laƙabi goma, amma wanda aka raɗa ranar farko shi ke kan takarda har abada.

To, su wa suke wurin ranar da aka raɗa wa dabbobin Nijar suna? Sunayen da kansu suna ba da labari.

Kudu maso gabas da Agadas, cikin Tenere, akwai wani fili da Faransawa suke rubutawa Gadoufaoua. A kunnen Bahaushe sai ya ji kamar Gadufawa, wani ƙauye a Katsina ko Damagaram, alhali kalmar Abzinawa ce, ana fassara ta da wurin da raƙuma ke tsoron zuwa. Ba neman ƙasusuwa ya kai Turawa can ba. Ma'aikatan hukumar nukiliyar Faransa ne, suna yawon neman yuraniyom, suka yi kiciɓis da ƙasusuwa zube a kan rairayi, har da ƙoƙon kan wani kada da ya fi mita ɗaya da rabi. Aka tura wani matashin masani daga Paris, Philippe Taquet. A 1966 shi da France de Broin suka sa wa kadan suna Sarcosuchus imperator, kada mai cin nama, sarkin sarakuna. Girkanci da Latin zalla.

Shekara goma bayan haka, a 1976, Taquet ya yi wani abu daban. Ya bayyana wani dainoso mai cin ganye, mai doguwar ƙirar ƙashi a baya, ya kira shi Ouranosaurus nigeriensis. Mutane da yawa a Turai suna ɗauka daga kalmar Girkanci mai nufin sama aka ɗauko farkon sunan. Ba haka ba ne. Taquet ya ɗauko shi daga sunan da mutanen Sahara ke kiran damon hamada, kalmar da ke da alaƙa da waral ta Larabci. Daga wannan tushen Larabcin ma aka samo Varanus, sunan kimiyya na dukan dangin damo da guza. Ke nan damo sarkin haƙuri ya ara wa dainoso suna, ko da yake ba su haɗa kaka na kusa ba. Ƙwarangwal ɗin dabbar yana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wani kuma yana birnin Venice na Italiya.

Wutsiyar sunan ita ce ke ruɗa mutane. Nigeriensis, in ka karanta da idon Turancin Ingilishi, sai ka rantse daga Najeriya dabbar ta fito. Amma Taquet Bafaranshe ne, kuma a Faransanci mutumin Nijar shi ne nigérien. Da Jamusawa da Sifaniyawa suka zo bayyana wani dogon dainoso daga yankin Aderbissinat a 2009, sai suka rubuta Spinophorosaurus nigerensis, babu wancan harafin "i" na tsakiya. Harafi ɗaya tak ya raba ƙasashen biyu, kuma ba kowane mai raɗa suna ne ya kiyaye shi ba. Mu da muke cewa Nijar da Najeriya ba mu da wannan rikicin.

Daga 1990 zuwa yau Sereno ne ya fi kowa cika littafin. Afrovenator abakensis a 1994, maharbin Afirka daga Abaka. Suchomimus tenerensis a 1998, mai kwaikwayon kada daga Tenere. Rugops primus a 2004, mai yamutsattsiyar fuska. Duba yadda aka jera kalmomin: Girkanci ko Latin a gaba, sunan wurin Abzinawa a baya, in ma ya samu shiga. Shi Suchomimus har yana da abokin gardama, domin a shekarar da aka buga shi Taquet da Dale Russell sun buga Cristatusaurus lapparenti daga Gadoufaoua ɗin dai, kuma wasu masana na ganin dabba ɗaya ce aka yi wa suna biyu. Abin da ya hana a yanke hukunci shi ne ƙasusuwan Cristatusaurus gutsattsarin muƙamuƙi ne da 'yan ƙasusuwan baya, ba su isa shaida ba.

Wanda ya fi yin suna a duniya shi ne Nigersaurus taqueti, na 1999. Tsawonsa wajen mita 9, ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, kuma bakinsa babu irinsa. Gaban bakin a miƙe yake sambal, ya fi sauran kan faɗi, haƙoran duk sun taru a gaba cikin layi ɗaya, jeri 68 a sama, 60 a ƙasa. Bayan kowane haƙori da ke aiki akwai wasu a jere cikin muƙamuƙi suna jiran ya zaizaye su maye gurbinsa, jimilla sun haura 500, kuma bincike ya nuna duk wajen kwana 14 sabo ke fitowa. Ƙasusuwan kan sun yi sirantar da haske ke ratsa wasunsu, sai da aka yi musu hoton na'ura aka harhaɗa su a kwamfuta. Kai a ƙasa yake yini, yana yankar tsirrai dab da ƙasa, shi ya sa 'yan jarida suka laƙaba masa saniyar zamanin dainoso. A nan Nijar ta samu kujerar gaba, Taquet ya samu ta baya. Amma suna in ya bar gida ba mai iko da shi. A 'yan shekarun nan wasu marasa tarbiyya a intanet sun mayar da Nigersaurus abin ba'a, don farkonsa ya yi kama da kalmar da ake zagin baƙar fata da ita a Amurka. Sunan da aka sa don girmama ƙasa ya zama kayan wasan masu wariya.

A ganina duk cikin sunayen nan babu kamar Jobaria tiguidensis, shi ma na 1999. Rabin baya daga tsaunin Tigidit ne, dogon gefen dutsen da ya kewaye Agadas da Ingal ta kudu. Rabin gaba kuwa daga Jobar ne, wata ƙatuwar halitta ta labaran Abzinawa. Ƙasusuwan ba a ɓoye suke ba. Iska ta daɗe da yaye su, makiyaya suna wucewa ta kansu da raƙuma da awaki, sun san ba na raƙumi ba ne, ba na giwa ba ne, kuma sun riga sun ba mai su suna. Su ne suka nuna wa baƙi wurin. Da aka haƙa, aka samu ƙwarangwal kusan cikakke na wata dabba mai dogon wuya da doguwar wutsiya, kimanin mita 18. Sunan Jobaria ya amsa abin da rahotanni suka saba tsallakewa. In jarida ta ce wane "ya gano" ƙashi a hamada, galibi abin da ya faru shi ne wane ya auna, ya kwatanta, ya rubuta, ya buga. Aiki ne babba, ba a raina shi, don makiyayi ba zai gaya maka shekarun ƙashin ba. Amma ganin farko ba na wane ba ne. Shekarun ma an sake lissafi: da farko an ce miliyan 135, daga baya aka tura su sama da miliyan 160. Lissafi ya canza, Jobar na nan.

Masu karatu a Najeriya kada su ɗauka zancen na tsallaken iyaka ne kawai. Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce wani hannun teku ya ratso Sahara ya malale kan ƙasar da yanzu take Sakkwato da Tawa. Duwatsun farar ƙasa da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti, laka ce ta ƙarƙashin teku da ɓawon halittun ruwa. Masana ilimin duwatsu suna sa wa kowane shimfiɗin dutse sunan garin da ya fi bayyana, saboda haka ɗalibin wannan fanni a ko'ina cikin duniya, in ya zo kan yankin, sai ya haddace Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba, Gwandu. Kamar mai kiran fasinja a tashar Sakkwato, sai dai shi daga ƙasa zuwa sama yake jerowa, tsoho kafin sabo.

A shimfiɗin Dukamaje aka samu wata dabbar teku mai dogon baki cike da haƙora. A 1930 William Swinton na Landan ya kira ta Mosasaurus nigeriensis, wato ya shigar da ita gidan da aka sa wa sunan kogin Meuse na Turai. Da Augusto Azzaroli da abokansa 'yan Italiya suka samu ƙarin ƙasusuwa, sai suka ga ta bambanta da 'yan wancan gida, a 1972 suka buɗe mata gidanta: Goronyosaurus, ƙadangaren Goronyo. Wannan karon nigeriensis ɗin Najeriya yake nufi. Ban ga dalilin da zai sa yaron firamare a Goronyo ya san madatsar ruwan garinsu bai san garin yana cikin littattafan kimiyyar duniya ba.

A nan ne zancen ya faɗo kan namu harshen. Kalmar dainoso Richard Owen ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1842, daga Girkanci, ma'anarta ƙadangare mai ban tsoro. Masu fassara labarai zuwa Hausa suka bi wannan ma'anar, ake cewa kakan ƙadangaru. Magana ce mai daɗin ji, tana kuma kawo hoto a zuci nan take, amma ba gaskiya ba ce. Dainoso bai haifi ƙadangare ba. Reshensu ya rabu tun kafin dainoso na farko ya taka ƙasa. Jikokin dainoso da suka rage a duniya tsuntsaye ne: jimina, zabo, shaho, kazar da ke tsakar gida. Bayan tsuntsaye, kada ne ɗan'uwansa mafi kusa cikin masu rai. Abin dariyar shi ne, cikin duk dabbobin da na ambata, wadda ta cancanci a danganta ta da ƙadangaru ita ce ta Goronyo, domin danginta na cikin zuriyar damo da guza da macizai, ita kuwa ba dainoso ba ce sam. Haka ma Sarcosuchus, dangin kada ne. Ni dai da za a bi tawa, a bar dainoso a matsayin kalmar aro, kamar yadda muka karɓi kwamfuta, in kuma ana son bayani a ce kakan tsuntsaye. Kuskuren Owen ne, mutumin 1842 yana da uzuri, mu ba mu da dalilin dasa shi a Hausa.

Sai batun mutanen da aka karrama. Taqueti, Taquet ke nan. Lapparenti, Albert-Félix de Lapparent, limamin coci kuma masanin duwatsu da ya yi ta ratsa Sahara bayan yaƙin duniya na biyu. Kadan da Beverly Halstead ya bayyana daga Sakkwato a 1975 sunansa Sokotosuchus ianwilsoni. Babu wanda zai ce mutanen nan ba su yi aiki ba. Sai dai duk wanda ya san yadda ake haƙa a hamada ya san akwai jagora da ya san hanya da rijiya, akwai direba, akwai masu sassaƙe dutse da guduma da kurfi a zafin rana, masu naɗe ƙashi da tsumma da filasta, masu ɗaga shi zuwa bayan mota. Sunayensu na shiga shafin godiya, in an tuna. A Tendaguru ta Tanzaniya, inda Jamusawa suka kwashi ƙasusuwa tsakanin 1909 da 1913, ɗaruruwan 'yan ƙasa ne suka yi haƙar suka kuma yi dakon kayan a ka har bakin teku, dabbobin kuwa suka fito da sunaye irin su Janenschia da Tornieria, na malaman Berlin. Shugaban ma'aikatan, Boheti bin Amrani, sai a 2007 aka sa sunansa a Australodocus bohetii, kusan shekara ɗari bayan aikin.

Inda 'yan ƙasa suka riƙe alƙalami, sunayen sukan canza murya. A 2018 ayarin Hesham Sallam na Jami'ar Mansura a Masar ya bayyana Mansourasaurus shahinae, sunan jami'arsu a gaba, sunan wata Bamisriya da ta taimaka wajen kafa cibiyarsu a baya. A shekarar dai, a Afirka ta Kudu, aka sa wa wani ƙaton dainoso Ledumahadi mafube, kalmomin Sesotho duka biyun, wato babbar tsawa da asuba. Ba saurus, ba Latin, kuma hukuma ba ta ce uffan ba. A Chadi abin ya bi wata hanya. Ƙoƙon kan da Ahounta Djimdoumalbaye, ɗan ƙasar, ya tsinta a hamadar Jurab a 2001, mai shekara kusan miliyan 7, sunansa na takarda Sahelanthropus tchadensis. Duniya kuwa Toumaï ta sani, kalmar Goranci mai nufin fatan rayuwa, wadda ake sa wa jaririn da aka haifa dab da rani. Can laƙabi ya danne sunan yanka.

Wani zai ce to a gyara tsofaffin mana. Masana tsirrai sun ɗan taɓa haka: a taronsu na Madrid a 2024 sun kaɗa ƙuri'a aka sauya caffra, wadda ta fito daga kalmar zagin baƙaƙe a Afirka ta Kudu, zuwa afra a sunayen tsirrai da dama. Masana dabbobi sun ƙi. Har yau akwai wani makahon ƙwaro a kogunan dutse na Sloveniya mai suna Anophthalmus hitleri, kuma hukumar ta tsaya kan cewa in aka fara canza suna don halin mai shi, littattafan shekara 250 za su rikice. Ina ganin hujjarsu tana da nauyi, ko da ba ta da daɗi. Abin da take nufi a aikace shi ne ƙofar gyara a rufe take, ta sabon suna ce kawai a buɗe, kuma mai shiga ta sai wanda ya iya bayyana ƙashi ya buga. Hamadar Nijar ba ta ƙare ba. Sereno da gidauniyarsa ta NigerHeritage suna zancen gina gidajen tarihi a Yamai da Agadas don ƙasusuwan da ke Chicago su dawo gida. Gini kaɗai ba ya raɗa suna, sai an samu ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da ta Agadas da ta Usmanu Danfodiyo da suka ƙware a fannin har sunansu ya zo farko a kan takardar bincike.

An taɓa gwada sa sunayen 'yan gida a Sakkwato, ta hannun baƙo. A 1979 Halstead ya bayyana wasu kunkurai biyu na tsohon tekun nan, ya kira su Sokotochelys umarumohammedi da Sokotochelys lawanbungudui. Ba sai an fassara wa Bahaushe ba, yana ji ya san Umaru Muhammad ne da Lawan Bunguɗu aka sa wa rigar Latin. Da masana kunkuru suka zo sake tantance dangin daga baya, sai suka ce shaidar da aka rataya sunayen a kanta ba ta isa a bambance dabbobin da wasu ba, suka jefa su cikin jerin sunayen da ake shakka a kansu. Ba a soke su ba, amma ba a aiki da su. Kafin su dawo cikin lissafi sai wani ya koma duwatsun Sakkwato ya tono ƙoƙon kai ko ƙwarya cikakkiya da za ta tabbatar da su.